Tabarmar Baya: Nazarin Lamarin Wata Makarantar Nazare a Sakkwato, 2022 zuwa 2024

Makarantar kafin Satumban 2022

Makarantar ƙarama ce, ta kuɗi, a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Sakkwato. Wata malamar firamare da ta yi ritaya ce ta buɗe ta a wani gida mai ɗaki huɗu, da dogonyaro ɗaya a tsakar gidan. Aji uku ne, Nazare 1 zuwa 3, malamai mata uku, maigadi ɗaya, sai ita shugabar da kowa ke kira Hajiya. Ni ina cikin kwamitin iyaye tun 2021. Ni ke rubuta abin da aka tattauna a taro, kuma rajistar yara kan biyo ta hannuna duk ƙarshen zango. Daga waɗannan littattafai biyu na ɗebo alƙaluman da ke nan.

Da aka buɗe sabuwar shekarar karatu, yara 62 ne iyayensu ke biya, naira 6,000 kowane zango. Iyayen 'yan kasuwa ne, da ƙananan ma'aikata, da teloli, da masu kabu-kabu. Ana shiga ƙarfe 8, a fita tara ƙarfe 10, a tashi 12 da rabi. Kowane yaro da abincinsa daga gida. Ruwan sha randa ɗaya ce a gindin dogonyaro, da moɗa biyu. Ƙofar kowane aji tana da dakali mai tsayin santimita 30 saboda ruwan damina, ban-ɗakin kuma na tsuguno ne.

Manufar ilimi ta ƙasa a lokacin ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, kuma kada malami ɗaya ya riƙe yara fiye da 25 a ajin nazare. A nan ana gauraya Hausa da Turanci, don iyaye na son su ji ɗansu ya dawo gida yana rera haruffan boko.

Satumba 2022: yara goma sha biyu

Hare-haren 'yan bindiga a gabashin jihar, musamman Sabon Birni da Isa da Rabah, sun koro iyalai da yawa zuwa birni. Wasu sun sauka wurin dangi, wasu a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba. Wani ɗan kasuwa na unguwar ya zo wa Hajiya da magana cewa zai biya wa yara 12 kuɗin makaranta da na ɗinki. Goma sha ɗaya 'ya'yan waɗannan iyalai ne, huɗu daga cikinsu Fulatanci kawai suke ji sosai. Na sha biyun ɗan unguwa ne, shekararsa huɗu da rabi, ƙafafunsa ba su da ƙarfi tun haihuwa, da rarrafe yake tafiya. An sha ba mahaifinsa shawarar ya kai shi makarantar musamman ta A.A. Raji, ta yara masu naƙasa. Ya ce kuɗin kabu-kabu kullum ya fi ƙarfinsa, kuma yaron yana gani, yana ji, bakinsa ya fi na yayyensa kaifi, me zai hana ya zauna da 'ya'yan maƙwabta?

Cikin sha ɗayan akwai yarinya 'yar shekara biyar da ta tsira daga cutar noma. Sunan cutar bai haɗa komai da noman gona ba, daga Girkanci ya fito, ma'anarsa cinyewa. Takan fara da kumburin dasashi a bakin yaron da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, cikin 'yan kwanaki ta ci kumatu da leɓe. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6. In an tare ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki sun isa. In an bar ta, mafi yawan yaran ba sa rayuwa. An yi wa yarinyar aiki sau ɗaya a Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ke tallafa masa tun 2014. Ciwon ya warke, amma ya bar tabo babba a kumatun hagu, muƙamuƙinta ba ya buɗewa sosai, miyau kan zubo mata in tana ci.

An raba su: uku a Nazare 1, bakwai a Nazare 2, biyu a Nazare 3. Nazare 2 ya koma yara 28 a hannun malama ɗaya, har da yarinyar da yaron.

Ba a cika mako biyu ba ƙorafi ya fara. Wata tsohuwa da ke rako jikokinta biyu ta tare Hajiya a bakin ƙofa, ina tsaye: "Hajiya, mu ba mu ƙi taimako ba. Amma wagga yarinya in ta sha ruwa moɗa guda da ɗiyanmu, wa ka ɗaukar alhaki?" Wasu suka kawo zancen ƙwarƙwata. Wani uba ya ce malama ta daina koyarwa ta koma ɗaukar gurgu zuwa ban-ɗaki.

Oktoba zuwa Disamba 2022: tabarma ta biyu

Kwamiti ya zauna a makon farko na Oktoba. Mutum biyar cikin bakwai suka amince a shimfiɗa wa sababbin yara tabarmarsu daban a bayan kowane aji "har su saba", a saya wa yarinyar kofinta, yayar yaron kuma ta riƙa zuwa ƙarfe 10 ta kai shi ban-ɗaki. Ina cikin biyar ɗin. A ganinmu mun raba gardama: ba a kori kowa ba, masu biya kuma an kwantar musu da hankali.

Zuwa ƙarshen zango a Disamba, iyaye sun cire yara 9, saura 53 masu biya. Tabarmar ba ta riƙe su ba. Wata uwa ma cewa ta yi, tun da makaranta da kanta ta ware yarinyar, ai ke nan akwai abin da ake ɓoyewa. Daga cikin 12 ɗin, uku sun daina zuwa: biyu 'yan gida ɗaya ne da suka bar gari, ɗayan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yara sun raɗa wa tabarmar suna, "tabarmar 'yan ƙauye". Yaron kan jiƙe wandonsa kafin yayarsa ta iso, don cikin ɗan shekara huɗu bai san ƙarfe 10 ba. Ita ma yayar, 'yar aji biyar a firamare, darasi ɗaya take rasawa kullum.

Janairu zuwa Maris 2023: wa'azi da ranar kyauta

A zango na biyu aka gwada abu biyu. Na farko taron iyaye ne ranar Asabar, aka gayyato limamin unguwa. Ya yi magana mai ratsa jiki a kan aya ta 13 ta Suratul Hujurat, cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne wanda ya fi tsoronSa, ya kawo tarihin yadda mutanen Madina suka karɓi masu hijira. Maza 19 suka halarta, mace ko ɗaya babu. Kowa ya gyaɗa kai, aka shafa fatiha. Ranar Litinin tabarma tana nan inda take, kuma masu shirya yara da safe, masu ce musu "kada ka zauna kusa da wance", ba su ji ko kalma ɗaya ba.

Na biyu a Fabrairu ne. Wata ƙungiyar mata ta kawo jakunkuna da takalma da biskit domin "yara marasa galihu". Aka jera yara tara a tsakar gida, sauran 53 suna kallo, aka miƙa wa kowa nasa, aka ɗauki hotuna. Da yamma hotunan suna yawo a WhatsApp, fuskar yarinyar a gaba. Washegari mahaifiyarta ta zo, ta ajiye jakar a teburin Hajiya, ta ce: "Na gode, Allah shi saka. Amma ɗiyata ba abin kallo ce ba." Mako biyar yarinyar ba ta zo ba kafin a yi hutu. Wani yaro daga cikin masu jin Fulatanci shi ma ya ɗauke ƙafa.

Lokacin ne kuma aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. Iyaye da yawa sun kasa biya a kan kari, sai aka ba maigadi takardar sunayen masu bashi ya riƙa tsayar da su a ƙofa. Bawan Allah, don ya sauƙaƙa wa kansa aiki, in ya hango yaran nan sai ya ɗaga hannu: "'Yan sadaka ku wuce." Kullum, a gaban iyayen da kunya ta ishe su saboda an tsayar da nasu. Wasu yara biyu masu biya suka tafi. Jimillar waɗanda aka cire ta kai 11. A wannan zangon, in aka haɗa zuwan yara taran da suka rage a rajista, bai kai kwana uku cikin biyar ba. Aka shiga azumi ranar 23 ga Maris a haka.

Mayu 2023: gwangwani biyu da ƙwallon dabino

Bayan ƙaramar salla wata ɗaliba daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta zo koyon aikin koyarwa. Hajiya ta ba ta labari, ta tambaye ta me aka koya musu a kan irin wannan. Ta ce ita dai a ba ta mako guda ta zauna ta kalla tukuna, kada kowa ya canza komai.

Ta zauna a kusurwar Nazare 2 da gwangwanin madara biyu da ƙwallon dabinon da ya rage na azumi. Duk lokacin da malama ta ambaci sunan yaro, sai ta jefa ƙwallo ɗaya: na gaba a gwangwanin dama, na tabarmar baya a na hagu. Ranar farko kafin tara, 41 a dama, 3 a hagu. Ukun nan duk tsawa ce. Da aka zazzage gwangwanayen a gaban malamar, ta yi shiru, can ta ce: "Wallahi ban sani ba. Na ɗauka ina kula da su." Ba wanda ya musa mata. Tana ba su ruwa, tana share musu hanci, sai dai idan ta yi tambaya idonta ba ya wuce layi na uku. Biyu daga cikinsu ma ba ta riƙe sunayensu ba, "ke" da "kai" take ce musu.

Sauran abin da ɗalibar ta rubuta a kwana biyar bai cika shafi biyu ba, amma a kansa duk gyaran ya hau.

Lokacin tara ne aka fi rabuwa. Ana buɗe kuloli, ƙanshin Indomie da soyayyen ƙwai ya cika aji, wasu da lemon kwali. Yaran baya kuwa wani da ƙulli-ƙulli a leda, wani hannu Rabbana. Sukan fita su zagaya bayan ɗaki har a gama. Kofin da muka saya wa yarinyar ja ne, shi kaɗai, an rataye shi a ƙusa nesa da randa. Wani yaro ya taɓa shi da gangan, ya bi abokansa da hannun yana dariya suna gudu. Kayan makarantar da ɗan kasuwa ya ɗinka musu yadin ya fi sauran haske kaɗan, tun daga bakin titi ana gane su. Yaran da ke jin Fulatanci ba su ce uffan a aji ba duk makon, amma ta ji su suna hira da dariya a bayan ɗaki. Yaron kuwa, daga tabarmarsa zuwa ban-ɗaki dakali biyu ne da ƙasa mai zafi. A watan Mayu a Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40, ba a ɗora tafin hannu a kan siminti.

Mayu zuwa Yuli 2023: abin da aka canza

Kwamiti ya sake zama. A wannan karon Hajiya ta kafa sharaɗi ɗaya: duk abin da za a yi wa ɗaya daga cikin yaran nan, a nemi hanyar da za a yi wa kowa.

Aka naɗe tabarmar baya. Aka zana da'ira da alli, kowa ya zauna a kanta, malama ma a ƙasa. Wurin zama kuma ana juya shi duk Litinin. Malamai suka sa wa kansu doka: kafin tara, a kira sunan kowane yaro sau ɗaya aƙalla, a kan abin da ba faɗa ba.

Aka sayo kofuna na roba, kowane yaro da nasa, da alamar da ya zaɓa aka zana masa: kifi, wata, carbi, akuya. Moɗa ta koma ta ɗiba kawai, ba a kai ta baki. Aka ajiye buta da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ci. Jan kofin nan ya shige cikin sauran. Wannan ya amsa tambayar tsohuwar nan ta bakin ƙofa ba tare da an ambaci yarinyar ba, kuma ko ba komai, moɗa biyu ga yara sittin da wani abu ai tun farko kuskure ne, mura da tari ta nan suke zagayawa.

Sai tukunya. Aka yanke cewa ƙarfe 10 kowa kunun gyaɗa zai sha, ko koko da ƙosai ɗaya. Kowane gida mai biya ya kawo kwanon gero biyu a zango ko kuɗinsa. Iyaye mata na yaran da ake biya wa su suka karɓi surfe da niƙa da damu, bi da bi, aka rubuta aikinsu a littafi ɗaya da geron sauran, shafi ɗaya. Na ga yadda ɗaya daga cikinsu ta sa a karanta mata layin sunanta sau biyu. Na yarinyar ana tsinka shi kaɗan, tana sha da cokali, a hankali. Malama ta sa ƙa'idar cewa ba mai tashi sai kowa ya gama, aka cike jiran da tatsuniya.

A nan aka yi kuskure ɗaya: an hana kawo abincin gida kwata-kwata. Iyaye suka tayar da jijiyar wuya, da gaskiyarsu, musamman mahaifiyar wani yaro mai sikila da likita ya ce kada a bar shi da yunwa ko ƙishirwa. Bayan kwana goma aka sassauta: mai kula ya kawo, amma sai an tashi ake buɗewa, ban da mai lalura.

Maganar noma kuma aka kai ta inda ya kamata tun farko. Hajiya ta ce ai a garin nan Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira mata su zo zaure ba, jajinta, wato matan da ta koyar, ta tura suka bi su har gida, abin da aka sani da 'yan taru. Aka shirya zama uku bayan la'asar a cikin gidaje uku, mata zalla, da kakanni a gaba. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwar da ta san cutar ta zo. Sai da aka nemi izinin mahaifiyar yarinyar, ta yarda, ta kuma ce za ta zauna. Ma'aikaciyar ta ce noma ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ta yarinyar ma ta daɗe da warkewa, tabo ne kawai. Ta nuna musu yadda ake ɗaga leɓen yaro a duba dasashi, da alamun da in an gani a garzaya asibiti: jini, wari, kumburin kumatu. Kafin a watse kowace uwa ta kama bakin ɗanta tana leƙawa. Tsohuwar nan ce ta tambayi mahaifiyar yarinyar kwana nawa suka yi a asibiti, da me take iya ci. Yarinyar ta dawo makaranta a makon ƙarshe na Mayu.

Ɗaya daga cikin matan da ke damun kunu Bafulatana ce. Aka ɗauke ta mai taimaka wa malamar Nazare 2, da ɗan alawus, yara na ce mata Inna. Ita ta je ta dawo da yaron da ya ɗauke ƙafa. Ƙirgen safe ya koma harshe uku, kuma ba a yi mako biyu ba tsakar gida ta cika da "go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi". A wannan darasi yaran da ba a taɓa jin muryarsu ba su ne ke gyara wa sauran.

Takardar masu bashi ta bar hannun maigadi, ta koma wayar Hajiya, tsakaninta da uba. Yadin kayan makaranta kuma aka ce daga sabuwar shekara a wuri ɗaya za a saya wa kowa.

Gangaren hawa dakali da aka yi wa yaron mai rarrafe sai da aka yi shi sau biyu. Na farko magini ya zuba shi tsawon mita ɗaya, ya yi tsaye kamar bakin kwata. Yaron ya gwada da keken guragun da wani ya ba shi, keken ya komo da baya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi 12 na tsawo, wato dakalin santimita 30 yana son mita 3.6. Aka fasa aka sake, a gefen bango don fili bai isa ba. A ban-ɗaki kafinta ya yi kujerar katako mai rami, mai walda ya kafa bututun ƙarfe na riƙewa. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. A kwamitinmu mutum ɗaya ne ya taɓa jin labarinta.

Satumba 2023 zuwa Maris 2024: tsada

Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 bai nuna a littafinmu ba sai sabuwar shekara. Gero ya tashi, gyaɗa ta tashi, itace ya tashi. Ɗan kasuwan ya ce zai ci gaba da biya wa waɗanda ya fara, amma ba zai ƙara ko ɗaya ba. Biyu daga cikin taran sun gama Nazare 3 a Yuli sun wuce firamare, saura bakwai. Daga cikin yara 11 da aka cire, huɗu sun dawo.

A Oktoba aka rage kunu zuwa Litinin, Laraba da Juma'a. Rajista ta nuna abin nan take: Talata da Alhamis layin yaran nan bakwai ya cika da alamar rashin zuwa, kuloli kuma suka sake buɗewa ƙarfe 10. Abin da ba mu zata ba, har cikin masu biya akwai gidaje biyar ko shida da 'ya'yansu suka koma fashin waɗannan ranaku. Ashe tukunyar ta daɗe tana rufa wa wasu asiri.

Mata ne suka warware, ba kwamiti ba. Suka buɗe adashi na naira 200 a mako, aka sayi buhun gero da kaka lokacin da ya ɗan sauko, aka bar ƙosai, aka riƙe kunu kullum daga tsakiyar Nuwamba. Kuɗin makaranta ya koma 8,000 a Janairu, gida biyu suka tafi saboda haka.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A farkon 2024 aka kira yarinyar aiki na biyu, ta yi mako shida ba ta nan. Kofinta mai hoton wata ya zauna a layi, ana wanke shi da sauran.

Yuli 2024: inda aka tsaya

Daga cikin yara 12 na farko, bakwai sun gama nazare, biyu a 2023, biyar a 2024, har da yarinyar da yaron. Biyu sun shiga Nazare 3. Uku sun ɓace mana tun zangon farko. Zuwan bakwai ɗin da ke makarantar a zango na uku ya haura kwana huɗu cikin biyar. Yaron yana kai kansa ban-ɗaki, yayarsa ta daina fashin darasi. Daga cikin 11 da aka cire, bakwai ba su dawo ba, wasunsu har yau iyayen ba sa gaisawa da Hajiya. Makaranta na bin iyaye bashi, ita ma mai gero yana bin ta.

Hukunci: me ya gaza, me ya yi aiki

Tabarma ta biyu da jan kofi da ranar kyauta, duk da kyakkyawar niyya aka yi su, kuma duk aiki ɗaya suka yi: sun nuna wa ɗan shekara huɗu da yatsa wane ne daban. Yaro a wannan shekarun ba ya ɗaukar wa'azi, wurin zama yake karantawa, da wanda aka kira da suna, da abin da ke cikin kwanon maƙwabcinsa. Mun koya musu darasin wariya na wata bakwai, sannan muna mamakin sun haddace. Ga iyaye kuma warewar ta zama shaida cewa tsoronsu na da tushe.

Huɗubar liman ba ta da aibi, kunnuwan da suka ji ta ne ba su ke yanke hukunci ba. Kuma abin da ke damun matan tambaya ce ta lafiya, ana ɗauka ko ba a ɗauka, wadda mai amsa ta ita ce wadda ta san cutar. Na lura ba wanda ya canza ra'ayi don an kunyata shi. Tsohuwar nan ta sauko ne ranar da aka koya mata abin da zai amfani jikokinta.

Gyare-gyaren da suka zauna su ne waɗanda gidan mai biya ma ya ci moriyarsu: kofi, sabulu, kunu, Inna a aji mai yara 28, bashin da ba a shelanta shi a ƙofa. Shi ya sa da tsada ta zo aka samu masu kare su. Gangaren ne kaɗai aka yi don mutum ɗaya, shi ma yanzu masu goyo da kakanni ta nan suke bi. Ban yarda cewa wannan dabara za ta isa ko'ina ba. Yaronmu ƙafa ce matsalarsa. Da kurma ne ko makaho, da babu malama a cikin ukun da ta san abin da za ta yi, kuma ba kofin da zai maye gurbin horo. Kuma duk abin ya tsaya ne a kan aljihun mutum ɗaya da adashin naira 200.

Gwangwanayen suna nan a ofishin Hajiya, ana fito da su sau ɗaya a zango. A ƙirgen Yunin 2024 ba a iya bambance ɗan gudun hijira da ɗan unguwa ba. Sai malamar Nazare 3 ta ce a sake, a raba maza da mata. A ajin da 'yan mata suka fi yawa da biyu, gwangwanin maza ya tashi da 29, na mata 17. An sa maganar a taron makon biyu na sabon zango.